Nogal: Bishiyar da Ba Ta da Na Yarwa

Duk wanda ya tambaye ni bishiyar da ta cancanci mutum ya ba ta shekarunsa yana renonta, ba na ko jan numfashi, nogal nake ce masa. Ina nufin nogal ta tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, wadda masana tsirrai ke kira Juglans neotropica tun da Bajamushen nan Ludwig Diels ya rubuta bayaninta a 1906. 'Yar gidan walnot ce, amma ta fita daban a cikin danginta. A Kolombiya wasu na ce mata cedro negro, a Ekwado kuma ƙwallonta ake kira tokte, har sunan ya bi uwar. Ina son bishiyar nan so na haƙiƙa, kuma ban taɓa jin kunyar cika wa mutane kunne da zancenta ba.

A fara da ganinta a tsaye. Idan ta samu wurin da ya karɓe ta takan kai mita 25 zuwa 30, tsofaffin cikin daji kuwa har mita 40. Gangar jikinta a miƙe take sak, ɓawonta ruwan toka mai duhu da tsage-tsage masu zurfi daga sama zuwa ƙasa. Ganyenta dogo ne, yakan kai santimita 40 ko ma ya wuce, da ƙananan ganyayyaki jere bibbiyu a kan sili ɗaya, kowanne da 'yan haƙora a gefe. Tsinki ɗaya ka murza a tafin hannu ka kai hanci. Wani ƙamshi ne mai ɗan yaji da ɗan ɗaci, wanda in ka shaƙa sau ɗaya, ko a duhu aka kai ka gindinta za ka gane ta. Akwai lokacin da takan zubar da ganye ta tsaya fayau na 'yan makonni, baƙo ya ɗauka ta mutu. Sai wata safiya a tashi a ga kan kowane reshe ya yi toho jajawur, tuntayen furen namiji koraye sun sauko suna lilo, 'yan ƙananan furannin mace kuma sun ɓuya a ƙarshen sabon tsiro. Duka biyun a jikin bishiya ɗaya suke, iska ce ke kai garin wannan wurin wancan. Kai, tubarkalla! Jan tohon nan kaɗai ya isa dalilin shuka ta.

Abin da ya fi ɗaga darajarta a idona shi ne mazauninta. Walnot da duniya ta fi sani, irin na Iran da Kaliforniya, sai ta sha sanyin hunturu na watanni kafin ta yarda ta yi 'ya'ya. Nogal ba ruwanta da hunturu. A tsakiyar duniya take zaune, a Kolombiya da Ekwado da Peru da wani yanki na Benezuwela, inda dare da rana suke kusan daidai duk shekara. Abin da take nema shi ne tudu: galibi tsakanin mita 1,600 zuwa 2,500 sama da teku, inda ma'aunin zafi ke wasa tsakanin digiri 16 zuwa 22, ruwan sama kuma ya kai milimita 1,000 zuwa 3,000 a shekara. Zafin kwari ba nata ba ne, duk wanda ya sauko da ita can ya zalunce ta. Amma takan haura mita 2,500 kaɗan, don ga ta nan tana cika tituna a Bogota, birnin da ke kan mita 2,600.

Mutanen Bogota sun san abin da Allah ya ba su. A 2002 majalisar birnin ta ayyana nogal a matsayin bishiyar da ke wakiltar Bogota, kuma akwai unguwa guda da ake kira El Nogal. Tarihin garin na cewa al'ummar Muiska, waɗanda suka riga Sifaniyawa zama a wannan tudu, suna girmama bishiyar ƙwarai, kuma saboda wannan girmamawa ce masu mulkin mallaka suka bi ta da gatari. Sun sare, ba ta ƙare ba. Yau lambun tsirrai na José Celestino Mutis yana renon 'ya'yanta ana dasawa a gefen hanyoyi. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji daɗi har cikin raina.

To, mu zo ga reno, don a nan ne ake gane mai sonta da gaske.

Komai daga ƙwallo yake farawa, kuma ƙwallon tokte ba ya buɗe wa mai gaggawa. Ba a cire shi daga sama, jira ake ya faɗo da kansa. Yana ɗanye kore ne mai ɗan gashi-gashi, ya kai santimita 6, sai ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi baƙi ƙirin ya yi laushi. A lokacin ne ake tsince shi. A wani ƙauye da ke bayan garin Ibara, a lardin Imbabura na arewacin Ekwado, na zauna kusa da wani dattijo yana wannan aiki. Ya tara 'ya'yan a inuwa ya rufe da buhu har naman ya ruɓe, sannan ya zuba su cikin bokitin ruwa yana murzawa da hannu. Ruwan ya koma baƙi sidik. Waɗanda suka taso sama ya kwashe ya watsar, don yawancinsu holoƙo ne. Waɗanda suka nutse ya ɗauraye ya jera a kan katako: baƙaƙe, masu nauyi, jikinsu duk kwari da tudu. Da na sa hannu na taya shi, yatsuna suka rine kamar an ƙunsa mini lalle, sabulu kuma bai yi musu komai ba, sai da launin ya gaji ya tafi don kansa. Dattijon ya nuna mini nasa hannun, wanda tsagar fatarsa ta riƙe launin shekara da shekaru, ya ce da wannan ake gane mai nogal a kasuwa. Wanda ba ya son haka ya sa safar hannu ta roba. Ni kam launin ya burge ni.

Ba a ajiye irin ya daɗe. Ƙwayar cikinsa mai ne da ita, in ta bushe ƙayau ko ta kwana biyu a ɗaki sai ƙarfinta ya tafi. Ana jiƙa ƙwallon na 'yan kwanaki ana sauya ruwa, wasu kuma su binne shi cikin yashi mai danshi a wuri mai sanyi har bakinsa ya fara tsagewa. Wajen shuka, kwantar da shi ake a gefensa, a rufe da ƙasa kaurin yatsu biyu. Daga nan sai jira, wata ɗaya, wata biyu, wani ma ya kai uku, kuma ba tare suke fitowa ba. A wannan zaman jiran ne kurege da ɓera ke cin kasuwarsu, don su ma sun san daɗin abin da ke ciki. Ragar waya a kan bakin ledar shukar ko kan ramin ita ce maganinsu, kuma wanda ya yi sakaci da ita zai wayi gari ya tarar da ramuka kawai.

Ga sirrin da nake so kowa ya riƙe: kafin ka ga ko ɗan kore a sama, nogal ta riga ta yi nisa a ƙasa. Saiwar tsakiya ce ke fara fita, kakkaura, ta nufi ƙasa kai tsaye ba ta waiwaye. Ran bishiyar duka a wannan saiwa yake. In ka shuka a gajeriyar leda, saiwar za ta taɓo gindi ta naɗe, kuma bishiyar da saiwarta ta naɗe tun tana jaririya ba za ta taɓa zama abin da ya kamata ta zama ba, ko da ka bi ta da taki buhu-buhu. Don haka a nemi leda mai zurfi, santimita 30 ko fiye, a kuma dasa da wuri, tsiron na kai tsawon santimita 30 zuwa 40, kafin saiwar ta huda ledar. Ni dai abin da na fi so shi ne shuka kai tsaye: a haƙa ramin a inda bishiyar za ta zauna har tsufanta, a sa ƙwallo biyu, in duka sun fito a bar mai ƙarfin. Haka dattijon nan yake yi a bakin gonarsa, kuma nasa sun fi na leda miƙewa, ido ma ya shaida.

Ƙasa kuwa, tana son mai zurfi, mai laushi, mai wadatar ruɓaɓɓen ganye, wadda ke riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Inda ruwa ke kwanciya saiwar ruɓewa take yi, inda kuma dutse ko tauri ke kusa da sama sai ta tsugune ta ƙi girma. A haƙa ramin santimita 40 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da takin dabbobi da ya riga ya huce, a dasa a farkon damina. Shekaru biyu zuwa uku na farko a riƙa ba ta ruwa idan rani ya ja, ba yayyafi kullum ba, a'a, shayarwa mai yawa jefi-jefi, yadda ruwan zai bi saiwar zuwa ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye, kada dai ta manne da jikin tsiron.

Abokan gaba a wannan shekarun sanannu ne. Akwai ciyawar kikuyu, wadda aka kai Andis daga Gabashin Afirka don kiwo, ta mamaye makiyaya. Tana saƙa kanta a gindin tsiro ta shanye masa ruwa da abinci, dole a riƙa nome da'ira mai faɗi a kewayensa. Akwai shanu, masu son ɗanyen toho, sai an yi shinge. Akwai kuma sanyin dare mai daskarar da raɓa, irin wanda ke sauka a filayen Bogota tsakanin Disamba da Fabrairu idan sama ta yi tas babu gajimare. Babbar nogal ba ta damu da shi sosai ba, amma yakan ƙone kan ƙarama, shi ya sa ake dasa ta kusa da wasu 'yan itatuwa masu kare ta, ba a tsakiyar fili fetal ba.

Wadda ta fi ba masu son katako ciwon kai ita ce wata 'yar tsutsa, ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare, da ake kira Gretchena garai, wadda aka fara bayyana ta a 1987 daga yankin Loja a kudancin Ekwado. Kan tsiro take hudawa ta shige ciki, kan ya yanƙwane ya mutu, bishiyar ta fitar da kawuna biyu ko uku a madadinsa. Ga mai neman inuwa ko ƙwallo wannan ba wani abu ba ne. Ga mai neman doguwar ganga miƙaƙƙiya kuwa asara ce babba. Maganin yana wurin ido da almakashi: a riƙa zagayawa, duk kan da ya lanƙwashe a yanke shi a ƙona, cikin sababbin kawunan a zaɓi wanda ya fi miƙewa a bar shi shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban ga inda maganar nan ta zauna daram kamar a kan nogal ba. Rassan ƙasa ma a rage su tun suna sirara, da wuƙa mai kaifi, a daidai lokacin da ta zubar da ganye, don in aka yanke ta tana cikin toho ruwa take zubarwa. Kada a yi mata aski mai yawa a zama ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na rassan ya isa. Wallahi akwai daɗi a wannan aiki. Ka tsaya gaban 'yar bishiyar da ba ta wuce kafaɗarka ba, ka yanke shawarar da za a gani a jikin katako bayan shekara 30.

Tana da hali guda da ya kamata a faɗa wa mai niyyar shuka ta tun da wuri: ba ta son maƙwabtaka da kowa. Kamar sauran danginta, saiwarta da ganyenta da ɓawon 'ya'yanta suna ɗauke da wani sinadari da ake kira juglon, mai hana wasu tsirrai sakewa. Tumatir da dankalin Turawa da tattasai su ne suka fi jin jiki, sai ka ga sun yi yaushi a inda ruwa bai yanke ba. Masara da wake sun fi jurewa. Saboda haka ba a kafa lambun kayan miya a gindinta, ba a kuma zuba ɗanyen ganyenta a takin lambu sai ya ruɓe sarai. A ba ta bakin gona, ko gefen hanya, ko tsakiyar makiyaya. Mai son ƙwallo ya bar mita 8 zuwa 10 tsakanin bishiya da bishiya don kanta ya baje. Mai son katako ya matso da su kusa don su yi rige-rigen neman rana su miƙe, daga baya ya rage. A yankin noman gahawa na Kolombiya manoma na jera ta a iyakokin gonaki, har cibiyar binciken gahawa ta ƙasar, Cenicafé, ta fitar da ɗan littafi a kanta a 2003 tana ƙarfafa musu gwiwa. Ni wannan hali nata ban ɗauke shi aibi ba. Babbar bishiya ce, fili take nema, kuma ta cancanci a ba ta.

Masu cewa tana da nawa, su ji wannan. A 1977 an ɗebi ƙwallon tokte daga Ekwado aka shuka a yankin Okland na ƙasar Niyu Zilan. A shekarun farko wasu sun riƙa ƙara mita ɗaya da rabi a shekara, kuma da suka cika shekara 10 sun haura mita 10, suna kan ba da 'ya'ya karo na uku. Labarin yana cikin littafin Lost Crops of the Incas da Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka ta wallafa a 1989. Ke nan wajen shekara 8 ake fara cin ƙwallo idan wuri ya yi kyau. Ina nawar take?

Sai kuma ranar da ka fasa na farko. Ƙoƙon tokte tauri gare shi na gaske, ɗan abin fasa walnot na kanti ba ya ko gezau da shi, sai dutse ko guduma. Ƙwayar ba ta fita gaba ɗaya, a lunguna take maƙale, sai an bi ta da tsinke ko bakin allura. Kaɗan ce, gaskiya. Amma ɗanɗanon! Mai gare ta, ga garɗi, ga wani ƙamshin daji da ke zama a baki, wanda walnot ɗin kanti ba ta ko kama ƙafarsa. Mutanen Ibara sun gina sana'a guda a kanta. Suna dafa mazarƙwaila ko sukari da madara har ya yi kauri, a buga shi, a zuba gutsattsarin tokte, a zuba cikin 'yan ƙananan akwatunan katako. Sunan wannan alewa nogada, kuma baƙon da ya bar Ibara ba da ita ba sai a ce bai je ba. Na ga mata zaune a ƙofar gida, dutse a gaba, kwano a gefe, suna fasawa suna tsincewa suna hira, ɓawon ya taru tsibi. Shi ma ɓawon ba a zubarwa: masu sana'ar hannu na yanka shi fale-fale, cikinsa ya fito da zane mai kyau, a yi sarƙa da maɓalli da shi.

Wancan baƙin ruwa da ya rina mini hannu, ashe dukiya ce. Da ganyen nogal da ɓawon 'ya'yanta masaƙan Andis ke samun launin ƙasa-ƙasa, tun daga mai haske har zuwa wanda ya kusa baƙi, gwargwadon yawan abin da aka zuba da daɗewar zaren a tukunya. Rini ne mai kama ulu da kansa, ba sai an haɗa da wani abin kama launi ba. Matan yankin Kusko a Peru suna amfani da shi tare da jan da suke samu daga ƙwaron kochinil, haka ma masu saƙa mayafin makana a Gwalaseyo kusa da birnin Kuwenka a Ekwado. A ƙauyuka kuma ana dafa ganyen a wanke kai da ruwan don gashi ya ƙara baƙi.

Katakon kuwa, me zan ce? Launinsa ruwan cakulan mai duhu, wani lokaci da ɗan shuɗi-ja a ciki, ga laushin aiki a hannun kafinta, ga sheƙi idan an goge. Sai dai yana da jinkirin bushewa, wanda ya yi masa gaggawa zai ga ya tsage. A San Antoniyo de Ibara, ɗan garin da ke dab da Ibara wanda ya yi suna a sassaƙa, ka bi titi ka ji ƙarar kurfi da guduma daga kowane shago, kuma nogal na cikin itatuwan da masassaƙan suka fi darajantawa. Ana yin kujeru da ƙofofi da daɓen ɗaki da jita da shi, a kasuwannin waje kuma ana sayar da shi da sunan walnot ɗin Peru.

Wannan kyau shi ya jawo mata. An sare ta fiye da yadda aka shuka, an kuma mai da dazuzzukan tudu gonaki da makiyaya, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa tun 1998. Abin na ci mini rai, musamman da yake masu gatari mafi miƙewa da mafi kauri suke zaɓa, su bar karkatattu su yi iri. 'Yan uwanta ma suna cikin matsi: Juglans venezuelensis ta duwatsun da ke kewaye da Karakas saura kaɗan, ita kuwa Juglans australis ta arewacin Ajantina da kudancin Bolibiya ta samu mafaka a gandun El Nogalar de Los Toldos da ke lardin Salta.

Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin shuka nogal ya kula da inda ya samo irinsa. Kada ya tsaya gindin bishiya ɗaya ya cika buhu don ta fi kusa da gida. Ya zagaya ya tsinto daga iyaye da yawa masu nisa da juna, ya zaɓi masu miƙaƙƙiyar ganga da lafiyayyen ganye, waɗanda ke tudu mai tsayi irin na gonarsa. Ya rubuta inda kowane ƙwallo ya fito, ya kuma shuka fiye da abin da yake buƙata, don ba duka ne za su tsiro ba, kuma cikin waɗanda suka tsiro ɗin ma sai ya yi zaɓe.